Masu Rijiyoyi, Ku Yarda A Gwada Ruwanku

A ƙasar Hausa, in an ɗebe iyali da rumbu, babu abin da maigida yake alfahari da shi a cikin gidansa kamar rijiya. Wanda ya gina rijiya ya hutar da matansa da 'ya'yansa daga jelen rafi, ya kuma sami ladan maƙwabta waɗanda suke aiko yara da tulu safe da maraice. Saboda haka idan baƙo ya yi sallama a ƙofar gida riƙe da 'yar kwalba, ya ce ya zo ɗibar ruwa ne domin a kai a gwada ko yana da lafiya, ba abin mamaki ba ne a ga fuskar maigida ta sauya. A wurinsa wannan magana daidai take da a ce masa yana shayar da jama'a ƙazanta.

Ra'ayina shi ne lalle lokaci ya yi da masu rijiyoyi a ƙasashen Anka da Bukkuyum da Gummi za su saki jiki da gwajin ruwa, har ma su riƙa nemansa da kansu. Amma kuma ina ganin ba za a kai ga haka ba sai hukuma ta zauna ta saurari dalilan da suka sa mutane suke ɗari-ɗari da shi, domin ba dukansu ne na rashin sani ba.

Mutanen yammacin Jihar Zamfara ba sa bukatar a ba su labarin abin da guba take yi, domin sun gani da idonsu. A watan Maris na 2010 ma'aikatan ƙungiyar likitocin nan ta MSF suka lura da yawan mace-macen ƙananan yara a wasu ƙauyuka, yara suna jijjiga suna suma, sa'an nan su cika. Da fari an zaci sanƙarau ne ko zazzaɓin cizon sauro, amma magungunan waɗannan cututtuka ba su yi komai ba. Sai da aka gwada jinin yaran sa'an nan aka gane gubar dalma ce. Duwatsun da ake haƙowa domin neman zinariya cike suke da dalma, kuma a cikin gidaje ake daka su a turmi, ake niƙa su da injin niƙan hatsi, ake wanke garin a bakin rijiyoyi da kududdufai, ana shanya shi a tsakar gida inda yara suke rarrafe. Binciken da masana daga Amurka suka yi tare da hukumomin lafiya na Nijeriya a ƙauyuka biyu da abin ya fi tsanani ya nuna cewa yara 118 daga cikin 463 'yan ƙasa da shekara biyar sun rasu a cikin shekara guda, watau ɗaya daga cikin kowane huɗu. Jimlar yaran da suka rasu a wannan annoba ta haura 400. Sunayen Dareta da Abare da Sunke da Tungar Daji da Duza da Bagega a ƙasar Anka, da 'Yargalma da Tungar Guru a ƙasar Bukkuyum, sun zaga duniya ta wannan hanya mai ban tausayi.

Wajibi ne a faɗi gaskiya, ƙura da ƙasa su ne babbar hanyar da dalmar ta bi ta shiga jikin yaran, shi ya sa aikin gyara ya fi ƙarfi wajen kankare ƙasar gidaje a binne ta, a zuba sabuwa. An yi wa ƙauyuka bakwai wannan aiki tsakanin 2010 da 2011, Bagega kuwa sai a 2013 bayan doguwar jira. Amma ruwa ma bai tsira ba. A watannin Satumba da Oktoba na 2010 wata tawagar masana muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ɗebi ruwa a wasu ƙauyukan ƙasar Anka ta auna. Ta sami dalma mai yawan gaske a kududdufan da dabbobi suke sha. Ta sami wasu rijiyoyin sun wuce iyakar da aka yarda da ita, har akwai wadda ta ninka iyakar fiye da sau goma. A rijiyoyin burtsatse kuwa ba ta sami wannan matsala ba, abin da ya nuna cewa daga sama gubar take faɗawa cikin rijiya, ta hanyar ƙura da guga da igiya da ruwan wanke-wanken duwatsu.

Abin lura a nan shi ne ba dukkan rijiyoyin ne suka gurɓata ba. A cikin gari guda, wata rijiya tana da guba, wata kuwa lafiya lau, kuma ba wanda ya isa ya rarrabe su da ido. Iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa, wadda ita ce kuma take cikin ƙa'idar ingancin ruwan sha ta Nijeriya da aka fitar a 2007, ita ce miligiram 0.01 na dalma a cikin lita ɗaya. Domin mai karatu ya gane ƙanƙantar wannan adadi, giram ɗaya tak na dalma ya isa ya kai ruwa cikin duro 500 ga wannan iyaka. To, wane harshe ne zai ɗanɗana wannan?

Wannan ya kawo mu ga dalili na farko da masu rijiyoyi suke kawowa. Sukan ce ga ruwa nan garau, ba wari, ba ɗaci, me za a gwada? Wasu ma sukan kafa hujja da abin da muka koya tun muna yara a makarantun zaure, cewa ruwa mai tsarki ne muddin launinsa ko ɗanɗanonsa ko warinsa bai jirkita ba. Wannan hukunci daidai ne a muhallinsa, watau alwala da wanka. Amma malaman da suka koya mana shi ba su ce duk ruwan da ya halatta a yi alwala da shi ba ya cutarwa in an sha ba. Hausawa kan ce ruwa ba ya tsami banza, kuma gaskiya ne, sai dai akwai ruwan da yake kashewa ba tare da ya yi tsamin ba. Dalma ba ta da launi a cikin ruwa, ba ta da wari. Ƙwayoyin cutar amai da gudawa ma haka. A birnin Landan a 1854, famfon da likita John Snow ya gano shi ne tushen annobar kwalara a unguwar Soho, ruwansa yana da farin jini ƙwarai, har akwai wata tsohuwa da ta ƙaura nesa amma ta sa ana kawo mata shi saboda daɗinsa, kuma shi ne ya zama ajalinta.

Akwai kuma wani kuskure da ya kamata a gyara. Mata da yawa sun san a tafasa ruwa, ko a sa masa alam ko garin 'ya'yan zogale domin ya kwanta. Tafasawa tana kashe ƙwayoyin cuta, babu shakka, amma ba ta fitar da dalma, sai ma ta ƙara mata kauri, tun da ruwan ne yake tashi ya zama tururi, dalmar kuwa tana nan cikin tukunya. Uwar da ba ta san abin da yake cikin rijiyarta ba za ta iya ƙona itacenta a banza tana zaton ta kare ɗanta.

Dalili na biyu shi ne gado. Maigida zai ce kakansa ne ya gina rijiyar, ubansa ya sha har ya tsufa, shi ma ga shi da furfura. Amsar wannan ita ce rijiyar tana nan yadda take, amma abin da yake kewaye da ita ya sauya. A zamanin kakansa ba a niƙa duwatsun zinariya a bayan danga, gari bai cika har masai ya matso kusa da rijiya ba, ba a kuma zuba takin zamani a gonar da take maƙwabtaka da gida. Masana tsabta suna ba da shawara a bar aƙalla mita 30 tsakanin masai da rijiya, amma sai mai karatu ya auna gidajen cikin garin Anka ko na Gummi ya gani gida nawa ne suka cika wannan sharaɗi, musamman yanzu da rashin tsaro ya koro dubban mutane daga ƙauyuka suka cunkushe a manyan garuruwa. Daɗin daɗawa, ƙarfin jikin dattijo ba shi ne ma'auni ba. Jikin yaro ƙarami ya fi na babba saurin zuƙar dalma, kuma ƙwaƙwalwarsa da take tsiro ita take fara lalacewa. Yaron da bai mutu ba yana iya tashi da raunin fahimta, a kai shi makaranta ya kasa, a yi ta dukansa ana kiransa daƙiƙi, alhali kuwa laifin yana cikin abin da ya ci ya sha tun yana goye.

Dalili na uku shi ne tsoro, kuma shi ne wanda ma'aikatan gwamnati suka fi raina shi, ko da yake ya fi sauran nauyi. Mai rijiya yana tambayar kansa, in an gwada an ce ruwan ba kyau, sai me? Za a rufe rijiyar a bar shi da sayen ruwa a wurin 'yan garuwa? Maƙwabta za su ce shi ya kashe musu yara? Za a gane cewa ana aikin zinariya a gidan a turo jami'an tsaro? Kada a manta Gwamnatin Tarayya ta haramta haƙar ma'adinai a Zamfara a watan Afrilu na 2019, ba ta ɗage haramcin ba sai a Disamba na 2024. A tsawon waɗannan shekaru duk baƙon da ya zo yana tambaya a kan dutse da ƙasa da ruwa, ana yi masa kallon ɗan leƙen asiri. Mutumin da noma ya gagare shi saboda 'yan bindiga, zinariya ta zama abincinsa, ba zai yi marhabin da binciken da yake ganin zai raba shi da ruwansa da sana'arsa a rana ɗaya ba.

Dalili na huɗu kuwa laifinmu ne mu 'yan boko. Sau nawa ɗalibai da malaman jami'a suka shiga waɗannan ƙauyuka suka ɗebi ruwa da ƙasa, suka rubuta kundin digiri, suka buga sakamakon a mujallun Turanci, amma ba wanda ya koma ya gaya wa mai rijiya abin da aka gani? An ɗauki ruwansa kyauta, an sami takardar shaida da ƙarin girma da shi, shi kuwa ko na gode bai samu ba. Wannan shi ne rijiya ta bayar guga ya hana. Idan na gaba ya zo da tasa kwalbar aka ce masa ya ƙara gaba, kada ya ga laifin kowa.

Sai dalili na biyar, watau kuɗi da nisa. Awon dalma a cikin ruwa yana bukatar na'ura da ƙwararre, kuma talakan da yake Bagega ko 'Yargalma ba shi da halin ɗaukar kwalba zuwa Gusau ko Sakkwato a kan hanyar da kowa ya san halin da take ciki. Ko da ya so, bai san ofishin da zai nufa ba.

Kada kuma a ɗauka maganar dalma ce kaɗai. Abin da ya fi yawan kwantar da mutane a karkara shi ne najasa da take malala cikin rijiya. A 2021 kwalara ta kama mutane fiye da 100,000 a Nijeriya, ta kashe fiye da 3,500, kuma Zamfara tana cikin jihohin da suka fi jin jiki. A watan Agusta na 2024 ambaliya ta mamaye dubban gidaje a Gummi. Duk inda ruwa ya yi irin wannan cika, masai da rijiya sun zama abu guda, kuma bayan ruwan ya janye rijiyar takan koma garau kamar ba abin da ya faru. Irin wannan rijiya tilas a yashe ta, a zuba mata sinadarin kulorin, a kuma gwada ta kafin a koma sha. Sa'ar da aka yi ita ce gwajin najasa ba shi da wuya. Akwai 'yar kwalba mai magani a ciki wadda ake zuba wa ruwa a ajiye kwana ɗaya ko biyu, in ruwan ya yi baƙi to akwai alamar ƙazanta. Mai rijiya zai ga wannan da idonsa a cikin zaurensa, gani kuwa ya kori ji.

Wani zai ce ai maganin abin shi ne gwamnati ta haƙa burtsatse ko'ina a huta da gwaje-gwaje. Burtsatse abu ne mai kyau, muna kuma roƙon a ƙara, amma shi ma sai an gwada shi. Ga 'yan'uwanmu na Tibiri ta Gobir kusa da Maraɗi a Jamhuriyar Nijar. Tun daga tsakiyar shekarun 1980 suka yi ta shan ruwan wata rijiya mai zurfi da hukuma ta haƙa musu, ruwa mai kyan gani, ashe sinadarin fuloraid ya yi masa yawa. Kafin a farga a daina, an shafe shekara goma sha, haƙoran yara sun dafe, ɗaruruwa kuma ƙafafunsu sun lanƙwashe har abada. A ƙasar Bangaladash ma an haƙa miliyoyin rijiyoyin tuƙa-tuƙa tun daga shekarun 1970 domin a raba mutane da ruwan kududdufi, sai a 1993 aka tabbatar da cewa da yawa daga cikinsu suna ɗauke da gubar asanik. Dabarar da suka yi abin koyi ce. Sun bi rijiyoyin ɗaya bayan ɗaya suna gwadawa, mai kyau a shafa wa bakin famfonta koren fenti, mai guba a shafa mata ja. Ba a rufe ta ja ba, an bar ta domin wanki da wanka, ruwan sha kuwa sai a ɗebo a ta maƙwabci.

To, me ya kamata a yi? Da farko dai gwajin ya zama kyauta, kuma shi zai je wurin mai rijiya. Hukumar samar da ruwan sha a karkara ta jiha, da Ma'aikatar Lafiya, da sassan lafiya na Ƙananan Hukumomin Anka da Bukkuyum da Gummi su haɗa kai su ƙidaya rijiyoyin da jama'a suke sha, a fara da na ƙauyukan da ake aikin zinariya da na unguwannin da ambaliya take ci. Dattawa suna tuna zamanin duba-gari, lokacin da ma'aikacin tsabta yake shiga gida ya leƙa randa. An ji tsoronsa saboda tara da sammaci. Muna son a dawo da aikinsa a bar tararsa, a ba shi kwalaben gwajin najasa, a kuma tsara yadda zai riƙa tura ruwa Gusau domin awon dalma, sau ɗaya da rani, sau ɗaya bayan damina ta sauka.

Na biyu, hukuma ta yi alkawari a bainar jama'a, ta bakin sarakuna da hakimai da dagatai, cewa ba za a kama kowa ko a ci shi tara saboda sakamakon gwaji ba, ba kuma za a rufe rijiya sai an tanadi wata hanyar samun ruwa. Na uku, duk wanda ya ɗebi ruwa, ma'aikaci ne ko ɗalibi, wajibi ne ya mayar da sakamako ga mai rijiya a rubuce cikin Hausa, da boko ko da ajami, tare da bayanin abin da zai yi. Ya kamata Jami'ar Tarayya ta Gusau da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato da sauran manyan makarantu su mai da wannan sharaɗi ga duk ɗalibin da zai yi bincike a kan ruwan karkara. Na huɗu, limamai da malaman zaure su taimaka wajen bayyana wa jama'a bambancin tsarkin ruwa da lafiyarsa, domin daga bakinsu ne maganar za ta fi shiga.

Su ma masu rijiyoyi akwai abin da yake wuyansu wanda ba sai sun jira gwamnati ba. A ɗaga bakin rijiya a yi masa daɓen siminti, a yi mata murfi, a keɓe mata guga da igiya waɗanda ba a ajiye su a ƙasa. Kada a daka dutsen zinariya ko a wanke shi a cikin gida ko kusa da rijiya, kada kuma bokitin wankin ma'adini ya shiga cikinta. Wanda ya dawo daga wurin haƙa ya wanke jikinsa ya sauya tufafi kafin ya ɗauki yaro. Waɗannan su ne matakan da aka yi ta koyarwa a ƙauyukan Anka har zuwa 2022, lokacin da MSF ta miƙa aikin jinyar dalma ga hukumomin jiha. Yanzu da aka ɗage haramcin haƙa, zinariya kuma ta yi tsada a kasuwannin duniya, aikin zai ƙaru, saboda haka sakaci a wannan lokaci ganganci ne. Abin da ya faru a ƙasar Rafi ta Jihar Neja a 2015, inda dalma ta kashe yara 28, ya isa ya nuna cewa annobar tana iya sake ɓulla duk inda aka manta da ita.

Masu cewa mutanen karkara ba sa sauya hali sun manta da kurkunu. A ƙarshen shekarun 1980 an ƙidaya masu wannan cuta fiye da 600,000 a Nijeriya. Babu allurar rigakafinta, babu maganin sha. Abin da aka yi shi ne bin ƙauyuka ana nuna wa mutane yadda cutar take fitowa daga ruwan tafki, ana raba ƙyallen tacewa, shugabanni irin su Janar Yakubu Gowon suna zuwa da kansu suna roƙon jama'a. A Disamba na 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba Nijeriya shaidar rabuwa da kurkunu. Matan karkarar da suka yarda suka tace ruwa saboda an yi musu bayani cikin mutunci, mazansu ma za su yarda a gwada rijiya in an bi ta wannan hanya.

A ƙarshe ina kira ga 'yan'uwana ma'aikata da ɗalibai 'yan asalin wannan yanki. Yawancinmu a Gusau ko Kaduna ko Abuja ruwan leda da na roba muke sha, in mun je gida hutun salla ma da katan ɗinmu muke tafiya a bayan mota, mu bar iyayenmu da ƙannenmu da ruwan da mu kanmu ba mu yarda da shi ba. Maigidan da zai kori baƙo mai kwalba ba zai kori ɗansa ba. Saboda haka kowannenmu ya fara da rijiyar gidan ubansa, ya nemi inda ake gwaji, ya biya in da hali, ya karanta wa dattawa sakamakon a zaure, sa'an nan ya tambayi Shugaban Ƙaramar Hukumarsa abin da aka tanada domin sauran rijiyoyin garin. Yara fiye da 400 da aka binne a ƙasashen Anka da Bukkuyum sun isa wa'azi. Allah ya jiƙansu, ya ba iyayensu haƙuri, ya kuma kare na baya.